Rawar Rashawa A Niyok, 1863: Abin Da Katako Ya Nuna Da Abin Da Ya Bari A Waje

Da editan wannan mujalla tamu ya nemi in rubuto wani abu a filin tarihi, na san da yawa za su zaci zan ɗauko jihadin Shehu ko zuwan Turawa, tun da su muka haddace saboda jarrabawa. To, wannan karon nesa zan kai ku. Hoto guda nake so mu duba tare, wanda wata jaridar mako-mako ta birnin Niyok mai suna Harper's Weekly ta buga a fitowarta ta ranar 21 ga Nuwamba, 1863.

Hoton ya cinye shafi biyu na tsakiyar jaridar. Mata ne sanye da riguna masu faɗi kamar an buɗe laima, da hafsoshi cikin kayan sarki, suna juyi bibbiyu a tsakiyar wani ƙaton ɗaki, ga 'yan kallo maƙil a benayen da ke kewaye da su. Liyafar rawa ce da manyan birnin suka shirya wa hafsoshin sojan ruwan Rasha a daren 5 ga Nuwamba, a babban ɗakin kiɗa da waƙa da ake kira Academy of Music. Wanda bai san tarihin ba zai rantse ƙasar tana cikin kwanciyar hankali da wadata. Alhali kuwa a wannan dare yaƙin basasar Amurka ya shekara biyu da rabi ana gwabzawa, kuma wata huɗu kacal da suka wuce aka yi karon Gettysburg, inda cikin kwana uku kimanin mutum 50,000 suka mutu, ko suka jikkata, ko aka kama su, ko suka ɓace. Me ya kawo Rashawa, kuma me ya sa ake rawa?

Kafin mu shiga ɗakin rawar, bari in bayyana yadda ake yin irin wannan hoto, domin a nan rabin labarin yake. A wancan zamani akwai kyamara, har akwai masu ɗaukar hoto da suka bi sojoji filin daga, irin su Alexander Gardner wanda ya yi aiki a ƙarƙashin Mathew Brady. Sai dai akwai cikas biyu. Na farko, kyamarar tana bukatar abin da za a ɗauka ya tsaya cik na wasu daƙiƙoƙi. Saboda haka gawa tana ɗaukuwa, igwa tana ɗaukuwa, janar da ya harɗe a kujera yana ɗaukuwa, amma doki a guje ko mace mai juyi a filin rawa cikin hasken fitilar gas, ina! Na biyu, injin buga jarida baƙi ya sani da fari, bai san ruwan toka ba. Dabarar mayar da hoton kyamara ɗige-ɗige yadda zai bugu tare da rubutu ba ta kankama a jaridu ba sai wajen 1890. Ke nan duk hoton da mai karatu ya gani a jarida a 1863, hannun mutum ne ya zana shi, hannun mutum kuma ya sassaƙa shi a katako.

Duk wanda ya taɓa riƙe hatimin ofis ya san tushen dabarar. Inda ya yi tudu shi ke ɗaukar tawada ya bar baƙi a takarda, inda aka ƙwaƙule ya fito fari, kuma komai a juye ake yin sa, dama ta koma hagu. Sassaƙa hoto a katako tsohuwar sana'a ce, amma wani mutumin Newcastle a Ingila, Thomas Bewick, wanda ya rasu a 1828, shi ya shahara da sabon salon da jaridu suka gada. Maimakon a tsaga ice a tsawonsa kamar allo, sai a datsa shi a kwance gunduwa-gunduwa, kamar yadda mai rake ke yi, a yi aiki a kan fuskar datsin. A nan icen ya fi tauri, kuma ba ya tsagewa ta kowane ɓangare ƙarfe ya bi, don haka ana iya fitar da layi siriri kamar gashi. Icen da ya fi dacewa shi ne wanda Turawa ke kira bokis, ana kawo mafi kyawunsa daga ƙasar Turkiyya da kewayen Baƙin Teku. To amma bokis ba ya kauri. Guntun da za a samu mai kyau da ƙyar ya wuce tafin hannu. Yaya za a yi da hoton da zai cika shafi biyu?

Sai aka riƙa haɗa guntaye da yawa, wani lokaci talatin ko fiye, a ɗaure su ta baya da kusoshi masu noti, a goge fuskar ta yi sumul, a shafa mata farin ƙasa. Mai zane ya zo ya zana hoton a kai da fensir da buroshi, a juye. Sa'an nan shugaban masassaƙa ya fara yanka layukan da suka ratsa mahaɗar guntayen, don kada a sami karkacewa. Daga nan a kwance notin, a raba guntayen ga masassaƙa, kowa ya ɗauki nasa ya duƙufa da ɗan ƙarfensa mai kaifin baki. Wannan yana kan fuskoki, wancan yana kan riguna, wani kuwa ya kwana yana ƙwaƙule rufin ɗaki bai ma ga sauran hoton ba. In an gama a sake ɗaurewa. Har yau in ka ƙura wa wasu daga cikin hotunan ido za ka hangi siraran fararen layuka inda guntayen suka haɗu. Kuma ba katakon ake sa wa a inji ba. Akan danna shi a kakin zuma ya fitar da siffarsa, a yi amfani da wutar batir a lulluɓe kakin da jan ƙarfe, wannan kwafin na ƙarfe shi ke jure bugu dubu ɗari ko fiye.

Ni da nake aikin gwamnati, wannan tsari ya tuna mini da tafiyar fayil. Ƙaramin ma'aikaci ya rubuta abin da ya gani, na sama da shi ya gyara, na saman wancan ya rage zafin magana, kafin takarda ta kai ga mai sa hannu ta zama wata aba daban, kuma babu mutum ɗaya da za ka kama ka ce shi ya yi ƙarya. Akwai misali sananne. Alfred Waud, haifaffen Landan, wanda ya fi kowa daɗewa yana bin rundunar Arewa yana zane, ya aiko da zanen masu jinya bayan yaƙin Antietam na Satumbar 1862, a ciki har da wani da likita ya yanke wa ƙafa. Da hoton ya fito a jarida, sai ga shi an juya marar lafiyan yadda ba a ganin dungun. Ofis ya ga iyaye mata za su buɗe jaridar a gida, 'ya'yansu kuwa suna can.

Jaridar farko da ta kafu a kan irin waɗannan hotuna ita ce Illustrated London News, wadda Herbert Ingram ya fara a 1842. Wani ma'aikacinta ya ƙaura Amurka ya kafa tasa a 1855 da sunan Frank Leslie, sa'an nan kamfanin 'yan uwan nan na Harper suka fito da tasu a Janairun 1857. Shafi 16 ce, kuma kafin a fara yaƙi tana buga kwafi kusan 200,000 a mako. A gefe guda, wannan kamfani ne ya buga wa Amurkawa littafin tafiye-tafiyen Heinrich Barth, wato Abdulkarim, Bajamushen da ya shigo Kano a 1851. Ke nan mai karatu a Niyok da ya fara ganin zanen kayan hannunmu da tsarin gidajenmu a cikin littafi, ta hannun irin waɗannan masassaƙa ya gan su.

Wanda ya zana hoton rawar shi ne Winslow Homer, haifaffen Boston a 1836, yana da shekara 27 a lokacin. Daga baya ya zama ɗaya daga cikin manyan masu zanen fenti na Amurka, amma a shekarun yaƙin ɗan kwangila ne da ke sayar wa jaridar zane ɗaya-ɗaya. Abin da ya sa nake son aikinsa shi ne bai cika damuwa da hayaƙin bindiga da dawakai ba. Jama'a yake zanawa, yadda yaƙi ya shiga gida ya sauya wa kowa rayuwa. A Yulin 1861 ya zana mata zaune a dogon tebur a ma'ajiyar makamai ta Watertown suna ɗura albarushi a harsasai. A ido aiki ne mai tsabta, kamar masu tsince shinkafa. Amma ranar 17 ga Satumba, 1862, ranar da ake yaƙin Antietam, irin wannan ma'aikata ta Allegheny kusa da Pittsburgh ta tashi da wuta, mutum 78 suka mutu, yawancinsu 'yan mata. A Yunin 1862 ya yi wani shafi a kan yadda labarin yaƙi ke isa ga mutane. A tsakiya ya sa wata mata ta kife kai a kan tebur, wasiƙa a hannunta, an rubuta kalma guda a wurin mai nuna an jikkata wani nata. A Nuwambar wannan shekara ya zana maharbi a kan reshen bishiya, gorar ruwansa a rataye, ya sa ido a madubin bindiga yana jiran wanda bai san da shi ba. Ba a nuna wanda za a harba ba, kuma wannan rashin nunawar ita ke tayar da tsigar jiki.

Irin wannan mutum aka tura ya zana masu rawa.

Yanzu sai mu koma ga siyasar duniya. Jihohi 11 na Kudu sun ɓalle bayan zaɓen Abraham Linkon, domin kare bauta, a ƙasar da ƙidayar 1860 ta nuna bayi kusan miliyan huɗu. Babban tsoron gwamnatin Arewa shi ne kada Ingila da Faransa su amince da Kudu a matsayin ƙasa. Ba tsoron banza ba ne. Masaƙun Lancashire da audugar Kudu suke aiki, kuma da Arewa ta toshe tashoshin ruwan Kudu dubban ma'aikata suka zauna babu aiki. A Nuwambar 1861 saura ƙiris a yi yaƙi da Ingila, bayan jirgin yaƙin Arewa ya tare wani jirgin wasiƙun Ingila mai suna Trent ya kama wakilan Kudu biyu. A 1862 wani kamfanin ƙera jirage na Birkenhead ya gama wa Kudu jirgin Alabama, wanda ya yi ta nutsar da jiragen kasuwancin Arewa. A ƙarshen wannan shekara Napoliyon na Uku na Faransa ya nemi Ingila da Rasha su haɗu da shi a sa baki a tsagaita wuta, abin da zai amfani Kudu. Rasha ta ƙi, Ingila ma ta ja baya. A Yunin 1863 kuma sojojin Faransa suka shiga babban birnin Meziko, a ƙofar gidan Amurka.

Ana cikin wannan zaman ɗar-ɗar, daga watan Satumba na 1863, sai ga jiragen yaƙin Rasha suna shigowa tashar Niyok ɗaya bayan ɗaya, har guda shida, ƙarƙashin Admiral Stepan Lesovsky. A Oktoba wani ayarin ya isa San Faransisko ƙarƙashin Admiral Andrei Popov. Ku kwatanta mutumin da maƙwabta suka kewaye suna jiran gidansa ya rushe, sai ya ji sallamar wani ƙaƙƙarfa daga nesa. Mutanen Arewa suka ruɗe da murna. Uwargidan Linkon ta hau ɗaya daga cikin jiragen ta yi wa Sarkin Rasha fatan alheri. Ranar 1 ga Oktoba aka zaga da hafsoshin a keken doki ta titin Broadway, jama'a na ta sowa. Aka kai su kallon magangarar ruwan Niyagara. A San Faransisko gobara ta tashi, matuƙan Rasha suka shiga aikin kashe ta, har wasunsu suka rasa rayukansu. Masu jawabi kuwa suka sami abin faɗa: ga Alekzanda na Biyu ya 'yanta talakawan gona sama da miliyan 20 a 1861, ga Linkon ya yi shelar 'yanta bayin jihohin tawaye ranar 1 ga Janairu, 1863, ashe Allah ne Ya haɗa masu 'yantarwa biyu. Masu sha'awar kiɗan Turawa a cikinmu za su so su ji cewa a cikin ƙananan hafsoshin jirgin Almaz akwai wani saurayi ɗan shekara 19, Nikolai Rimsky-Korsakov, wanda daga baya ya shahara da tsara kiɗa.

Rawar 5 ga Nuwamba ita ce ƙololuwar shagalin. Shahararren gidan abincin nan na Delmonico ne ya yi girki, aka shimfiɗa teburori a wani ɗakin taro da ke maƙwabtaka, jaridu suka yi ta lissafa kaji da talotalo da dubban kwalaben giya. Ba kowa ya ji daɗi ba. Akwai marubutan da suka ce wannan almubazzaranci bai dace ba, alhali samari suna mutuwa a ramuka, wasu kuma yunwa na cin su a kurkukun Kudu. Homer dai bai sa wannan ƙorafi a hotonsa ba. Ya zana abin da aka gayyace shi ya gani, ya kuma zana shi da kyau, yadda in ka kalla sai ka ji kamar rigunan suna motsi. Masu sana'ar ƙwarai ne suka sassaƙa shi, domin fitar da ƙyallin alharini da fari da baƙi kaɗai ba wasan yara ba ne.

To, me ya kawo Rashawan? Folan ce. A Janairun 1863 mutanen Folan da ke ƙarƙashin mulkin Rasha suka yi bore. Ingila da Faransa da Ostiriya suka aika wa Rasha takardun gargaɗi, har aka fara maganar yaƙi. Rasha kuwa ba ta manta da yaƙin Kirimiya na 1853 zuwa 1856 ba, lokacin da jiragen Ingila da Faransa suka tsare jiragenta a tashoshinsu ba su tsinana komai ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Saboda haka ma'aikatar sojan ruwa ta yanke shawarar fitar da jiragen da suka fi lafiya tun kafin a rufe musu ƙofa, kuma tun kafin ƙanƙara ta daskare tekun Baltik, a kai su tashar wata ƙasa da ba ta cikin rigimar, wadda ke kallon babban teku. Umarnin da aka ba Lesovsky shi ne, in yaƙi ya ɓarke, ya fita ya far wa jiragen kasuwancin abokan gaba. Wato abin da Alabama ke yi wa Arewa, shi Rasha ke nuna wa Ingila cewa za ta iya yi mata. A cikin umarnin babu zancen taya Arewa yaƙi da Kudu.

Shekara da shekaru labari yana yawo a Amurka cewa Admiral ɗin yana ɗauke da wata takarda a rufe, wadda ta umarce shi ya miƙa jiragensa ga Linkon in Ingila ko Faransa suka shiga yaƙin. Sai a 1915 wani masanin tarihi, Frank Golder, wanda ya shiga ɗakunan ajiyar takardun Rasha ya karanta fayilolin da idonsa, ya buga abin da ya gani. Shekara 52 ke nan bayan rawar. Wani binciken da aka buga a 1949 ya ƙara da cewa ba duka Amurkawa aka rufe ba, domin jaridu da dama na 1863 sun ambaci Folan ƙarara a matsayin dalilin zuwan. Wannan ya fi ba ni sha'awa. Ashe gaskiyar tana nan a rubuce a ƙananan layuka, amma abin da ya zauna a zukatan mutane shi ne hoton shafi biyu. Mutum ya karanta sharhi ya manta kafin mako ya zagayo, hoto kuwa akan yanke shi a manna a bango.

Ba na cikin masu cewa yaudara ce tsantsa. Duk wanda ya taɓa shirya tarbar baƙi a hukumance, daga tsara kujeru har rubuta sanarwar bayan taro, ya san kowane ɓangare da abin da ya kawo shi, kuma kowa ya san ɗan uwansa ya sani. Rasha tana son Amurka ta zauna ɗaya, mai ƙarfi, don ta zame wa Ingila ƙarfen ƙafa, kuma ministan harkokin wajenta Gorchakov bai ɓoye wannan ba. Sakataren harkokin wajen Amurka William Seward kuwa ya ƙi sa hannu a gargaɗin da Turawa suka yi wa Rasha kan Folan, domin wanda ke yaƙi da masu ɓallewa a gidansa ba zai goyi bayan masu ɓallewa a gidan wani ba. Kowa ya sami abin da yake nema. Jiragen suka yi lokacin sanyi lafiya, yaƙin Turai bai auku ba, suka koma gida a 1864. A 1867 Seward ɗin nan ya sayi Alaska daga Rasha a kan dala miliyan 7.2, kuma tunawa da ziyarar 1863 ta taimaka wajen tausasa zukatan 'yan majalisa. Waɗanda suka biya kuɗin abotar su ne mutanen Folan. An murƙushe borensu, aka rataye jagoransu na ƙarshe Romuald Traugutt a birnin Warso a Agustan 1864, aka kora dubbai Saiberiya. Sarkin da ake shan giya don lafiyarsa a Niyok da sunan mai 'yantarwa, shi ne ya sa hannu a wannan.

Akwai wasu kuma da ba su shiga hoton ba, kuma ba sai an je Folan ba. A Yulin wannan shekara, daga 13 zuwa 16 ga wata, titunan da ke kewaye da ɗakin rawar sun ga tarzoma mafi muni a tarihin birnin. Gwamnati ta kawo dokar ɗaukar soja dole, amma ta ce wanda ya biya dala 300 an ɗauke masa. Albashin ƙaramin soja dala 13 ne a wata, wato kuɗin fansar ya kai albashin wata 23. Talakawan birnin, yawancinsu baƙin haure 'yan Ailan, suka ce ashe yaƙin masu kuɗi ne da jinin matalauta. Suna da hujja a nan, amma fushin nasu a kan baƙar fata ya sauka. Suka rataye mutane a kan titi, suka ƙone gidan marayun baƙar fata, sai da aka dawo da sojoji daga Gettysburg kafin ƙura ta lafa, mutum fiye da 100 sun mutu. Harper's Weekly ta buga hotunan wannan ma, a yi mata adalci. Amma in ka ajiye hotunan biyu kusa da juna, za ka gane cewa da yawa daga cikin mazan da ke juyi a daren 5 ga Nuwamba irin waɗanda dala 300 ba ta dame su ba ne.

Na ajiye mutum guda don ƙarshe, domin namu ne. Muhammad Ali ɗan Sa'id, an haife shi a Kukawa ta Borno wajen 1836, kusan sa'an Homer. Ya ce mahaifinsa shi ne Barka Gana, ɗaya daga cikin jaruman Shehu Laminu. Yana yaro mahara suka kama shi, aka ƙetare Sahara da shi zuwa Tarabulus, daga nan Istanbul. A can ya shiga hannun Yarima Menshikov, jakadan da Sarkin Rasha ya turo a 1853 dab da yaƙin Kirimiya, aka tafi da shi Rasha. Ya yi hidima a gidan wani yariman, Trubetskoy, wanda ya sa aka yi masa baftisma da sunan Nicholas, ya zaga Turai da shi, ya iya harsuna da yawa har da Rashanci. A 1860 ya ƙetare zuwa nahiyar Amurka, a 1863 kuma ya shiga runduna ta 55 ta Massachusetts, ta baƙar fata. Ya ba da labarinsa a mujallar Atlantic Monthly a 1867, sa'an nan a littafi a 1873.

Ku duba wannan al'amari. A daren da manyan Niyok ke ƙoƙarin hira da hafsoshin Rasha, akwai ɗan Borno a cikin kayan sojan Arewa wanda ya zauna a gidajen sarautar Rasha, ya san harshensu da al'adunsu fiye da yawancin masu masaukin. Rundunarsa a lokacin tana tsibirin Folly a gaɓar Karolina ta Kudu, ana haƙa ramuka da jan igwa a yashi don kewaye birnin Charleston. Kuma ba su karɓar albashi. Gwamnati ta ce za ta biya baƙin soja dala 10, a cire dala 3 ta tufafi, saura 7, alhali farin soja yana karɓar 13. Runduna ta 55 da 'yar uwarta ta 54 suka ce ko a ba su daidai ko a riƙe, suka yi fiye da shekara suna aiki ba ko sisi, iyalansu na cikin wahala. Sai a Yunin 1864 majalisa ta gyara dokar, aka biya su a kakar wannan shekara.

Su ma katako ya kai gare su daga baya. Charleston, inda aka harba igwar farko ta yaƙin a Afrilun 1861, ta faɗi a Fabrairun 1865, kuma ranar 21 ga wata runduna ta 55 ta shiga birnin tana waƙa. Harper's Weekly ta buga hoton a fitowar 18 ga Maris: sojoji baƙaƙe cikin sahu, bindigogi a kafaɗa, gine-ginen da yaƙi ya lalata a bayansu, ga tsofaffin bayi maza da mata da yara sun fito bakin hanya suna ɗaga hannu. Bayan mako uku Janar Lee ya miƙa wuya a Appomattox, kwana biyar bayan haka aka harbe Linkon. Homer kuwa, a Agustan wannan shekara, ya zana wa jaridar wata mata tana tuƙa keken doki a bakin teku a Newport, garin hutun masu hali, linzami a hannunta. Mijinta yana zaune a gefenta cikin hular soja, an naɗe hannun rigarsa ɗaya an maƙale da fil.